Me Ya Sa Muka Kwantar da Kaka Tana Fuskantar Gabas?

'Yata,

Saƙonki ya iso ni, na gode wa Allah da kika koma Jos lafiya. Yaya ƙarin haƙurinmu? Gidan bai rabu da masu ta'aziyya ba sai 'yan kwanakin nan, tambayar taki kuma ba ta amsar tsaye ba ce, shi ya sa na bari sai da na samu zama.

Kin ce abubuwa sun cakuɗe miki ranar jana'izar Kaka. A coci mai wa'azi ya ce ta tafi sama, ta huta. A bakin kabari kuma kin ga baffanninki sun hana a sauke akwatin sai da aka juya shi, kai wajen yamma, ƙafa wajen gabas, sannan aka karanta cewa muna binne ta da begen tashi daga matattu. Kika ce in har ta isa gida, mene ne na wahala da gawa, wa kuma ake jira ya tashi? Kika ƙara da cewa kullum muna roƙon "Mulkinka shi zo," alhali tun makarantar Lahadi an koya miki cewa mu ne za mu tafi can.

Mai wa'azin bai yi ƙarya ba. Yesu ya gaya wa ɓarawon da aka gicciye tare da shi cewa a ranar zai kasance tare da shi a Firdausi (Luka 23:43). Bulus ma, yana ɗaure a kurkuku, ya rubuta wa Filibiyawa cewa ya ƙaura ya zauna tare da Almasihu ya fi masa kome (1:23). Saboda haka ki kwantar da hankalinki, Inna, wato kakarki, tana hannun Ubangijinta. Sai dai Littafi Mai Tsarki bai yi dogon bayani a kan wannan zaman ba. Ya ce tare da Almasihu ne, ya ce hutu ne, ya tsaya nan. Inda ya buɗe baki sosai shi ne a kan abin da zai biyo baya.

Ki buɗe Wahayin Yahaya sura 21 ki karanta a hankali. Yahaya ya ga sabuwar sama da sabuwar ƙasa, ya ga tsattsarkan birni, sabuwar Urushalima. Ki lura da wanda ke tafiya a wurin. Birnin ne yake saukowa daga wurin Allah, murya kuma tana cewa mazaunin Allah yana tare da mutane, zai share musu hawaye, mutuwa ba za ta ƙara kasancewa ba. A ƙarshen Littafin, Allah ne ya zo ya zauna da mu a duniyar da ya sabunta. Romawa 8 ta ce halitta duka tana nishi kamar mai naƙuda, mu ma muna jiran fansar jikinmu. Jikinmu fa, 'yata, wannan da ke ciwo yana tsufa. Da Allah ba ya son jiki, da bai bar kabarin Yesu wayam ba, da Yesu bai karɓi gasasshen kifi ya ci a gaban almajiransa bayan tashinsa ba (Luka 24:42-43). Iyayen ikkilisiya da suka taru a Nikiya a 325, suka sake zama a Konstantinoful a 381, sun rufe shaidar bangaskiyar da muke faɗa ran Jibin Ubangiji da sauraron tashin matattu da rai na duniya mai zuwa. Mun saba faɗinta da gudu, har ba ma jin abin da bakinmu ke cewa.

Daga nan al'adun da kika gani suka fito. Ba ki shiga ɗakin ba lokacin da muka yi wa Inna wanka. Mun dafa ruwa muka sirka shi har ya yi ɗumi daidai yadda take so tana da rai, ko da yake ba za ta ji ba. Na riƙe hannunta ina wankewa, tafin duk kanta saboda taɓarya da fartanya, ga tabon ƙunar da ta samu wajen suyar ƙosai tun muna yara. Muka shafa mata mai, muka ɗaura mata zanen Zumuntar Mata, muka gyara ɗankwalin yadda take kafa shi. Haka aka yi wa Tabita a Yafa, sai da aka wanke ta aka shimfiɗe ta a bene (Ayyukan Manzanni 9:37). Hannun nan ya ciyar da marayu, ya ɗauki Littafi, Allah kuwa bai gama da shi ba. Bulus ya ce binnewa shuka ce: ana shuka jiki a ruɓe a tashe shi marar ruɓa, ana shuka shi da rauni a tashe shi da iko (1 Korintiyawa 15:42-43). Kin ga yadda manomi ke yi da irin geronsa bayan ruwan shuka, yana sara, yana zubawa, yana rufewa da diddige a hankali. Bai zubar da hatsin ba ne, yana da abin da yake jira.

Maganar gabas kuwa, kada ki ɗauka alƙibla muke bi. Maƙwabtanmu Musulmi sukan sa kan mamaci kudu, su kwantar da shi a kan gefen dama, fuskarsa na kallon alƙibla. Mu muna sa ƙafa gabas, domin in ya tashi zaune fuskarsa ta dubi mafitar rana. Tsohuwar al'adar Kirista ce da ta iso mana tare da masu bishara, an jingina ta ga Matiyu 24:27, inda aka ce zuwan Ɗan Mutum zai zama kamar walƙiya daga gabas har yamma. Al'ada ce, ba doka ba. Wanda ruwa ya ci, da wanda aka binne a gaggauce lokacin rikici ba a san inda kansa ya duba ba, ba su yi asarar kome ba, gama Wahayi 20:13 ta ce teku ma za ta ba da matattun da ke cikinta. Amma ina son al'adar, ina kuma so ku riƙe ta, don tana yi wa yara wa'azi ko fasto bai buɗe baki ba.

To, sai Mulkin. Abin da ke rikita mutane shi ne Matiyu yakan ce Mulkin Sama a inda Markus da Luka suke cewa Mulkin Allah. Abu ɗaya ne. Ki gwada misalin ƙwayar mastad a Matiyu 13 da Markus 4, ko ki duba Matiyu 19:23-24 inda Yesu ya faɗi duka biyun a jere. Mulkin nan sarautar Allah ce, inda maganarsa ke ci, ana yin nufinsa. Shi ya sa addu'ar ta ci gaba da cewa a yi abin da yake so cikin duniya kamar yadda ake yinsa cikin sama. Da Farisiyawa suka tambayi Yesu yaushe Mulkin zai zo, ya ce yana tsakaninsu (Luka 17:21), don Sarkin yana tsaye a gabansu. Ya soma ke nan, amma bai cika ba. Alkama da ciyawa suna girma tare har ranar girbi, muna binne iyayenmu, muna jin labarin garkuwa da mutane a hanya. Don haka roƙon bai ƙare ba.

Abin da ya sa na damu da wannan magana shi ne wa'azin da nake ji yanzu, wanda ya mai da bangaskiya neman hanyar tserewa kawai, duniya ta ƙone, ni dai in shige. Ba haka muka gada ba. Lokacin da CMS, ƙungiyar mishan ta cocin Anglikan, ta taso daga birnin Zariya ta dawo nan Wusasa a 1929, ba coci kaɗai aka gina ba, da makaranta da asibiti aka tashi. Likita Miller, ɗan mishan ɗin da ya yi ta fama da fassara har cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, likita ne kafin kome. A nan Barau Dikko ya taso, wanda ya zama likitan farko daga Arewa. Sun ɗauki Luka 10:9 da gaske, a warkar da marasa lafiya a ce musu Mulkin Allah ya kusato. Wanda ya gaskata Allah zai sabunta ƙasa ba ya tsallake mai yunwa a ƙofar gida, kin kuwa san abin da Sarki zai faɗa a kan ciyar da mai yunwa a Matiyu 25.

A makarantarku za ki haɗu da masu muhawara a kan shekara 1000 ta Wahayi 20. Wasu sun ce Yesu zai dawo ya yi mulkin nan a zahiri, wasu sun ce alama ce ta zamanin ikkilisiya. Masu tsoron Allah suna kowane ɓangare, kada ki ɓata da kowa a kansa. Amma duk wanda ya ba ki ranar dawowar Yesu, ki nuna masa Markus 13:32, inda aka ce ba wanda ya san ranar sai Uba, ki wuce.

Na kuma ji wata ta kwaɓe ki a maƙabarta, wai Kirista ba ya kuka. Raina ya ɓaci da na ji. Bulus ya ce kada mu yi baƙin ciki irin na marasa bege, bai ce kada mu yi baƙin ciki ba (1 Tasalonikawa 4:13). Yesu ya yi hawaye a kabarin Li'azaru alhali ya san zai tashe shi, masu ibada kuma sun yi wa Istifanas makoki ƙwarai. Mutuwa abokiyar gaba ce, ita ce ta ƙarshe da za a hallaka. Ki yi kukan kakarki duk lokacin da ya zo miki.

Baffanninki suna so a gyara kabarin bayan damina, an kuma bar wa jikoki su zaɓi ayar da za a rubuta. Ki yi shawara da 'yan'uwanki ki turo mini kafin Kirsimeti. Ki gaida mutanen gidan da kike, ki kuma riƙa cin abinci, na ga kin rame.

Gwaggonki