Ka Tafi Makarantar, Amma Ji Abin da Layi Ɗaya Ya Ja Mini

Ka tare ni jiya bayan la'asar, hannuna duk baƙin mai, kana gaya mini ka samu gurbi a kwalejin fasaha inda za a koya maka injin yankan ƙarfe mai kwamfuta, wato CNC, da yadda ake rubuta masa umarni. Kana so ka ji ko ka tafi, ko kuwa shekara ukun da ka yi a gabana kan injin hannu ta ishe ka. Ban ba ka amsa a wurin ba, domin tambayar ta fama mini wani tsohon miki, kuma ba na son in yi magana rai a ɓace a gaban yara. To ga amsar.

Ka tafi, ɗana. Akwai abin da ba zan iya zama in koya maka a shago ba ana jiran aiki: karatun zane yadda ya kamata, lissafin kusurwa da baka, da ma'anar alamomin da ake sa wa awo. In ka ga an rubuta 50 H7 a jikin rami, ya kamata ka san ba a yarda ramin ya gaza milimita 50 ba, ba a kuma yarda ya wuce 50.025 ba. Wannan makaranta ce ke kafa shi a kai. Amma kafin ka ɗauki jaka, zauna ka ji labarin wani mai takarda da na taɓa ɗauka.

Shekarun baya na sayar da filina na sayi injin CNC ɗan gwanjo da aka kawo daga Turai, mai ƙwaƙwalwar kwamfuta ƙirar kamfanin Fanuc. A layinmu kaf ba wanda ke da irinsa a lokacin. Ni da kaina na zauna da littafinsa dare da rana har na iya rubuta masa aiki, ba malamin da ya riƙe mini hannu. Sai ga wani saurayi da difloma, riga fes, kwamfutar cinya a hammata. Ya buɗe ta ya nuna mini yadda wuƙa ke bin zane a allo, layi kore layi ja, abin gwanin sha'awa. Na ce alhamdulillahi, na samu mai rage mini nauyi. Ban tambaye shi ko ya taɓa yanka ƙarfe na gaske ba. Da na san haka abin yake, ko tsintsiya ba zan ba shi a kusa da injin nan ba.

A lokacin muna da aikin wani mai kamfanin casar shinkafa: farantan ƙarfe guda 40, kowanne faɗinsa milimita 200, kauri 50, nauyi wajen kilo 12. Ba zane ya kawo mini ba, tsohon faranti ya kawo wanda ya cinye, na zauna da maikiromita, ma'aunin kaurin ƙarfe, na auna, na zana da hannuna, na gyara inda masu shi na asali suka yi sake. Na rubuta umarnin, muka yi 25 lafiya lau, aka kai masa, ya ɗaura, injinsa ya tashi. Saura 15.

Ran nan na tafi kasuwar Ƙofar Ruwa neman ƙarfe. Na ce wa yaron nan ya ci gaba, ba abin da zai yi sai ɗaura aiki da danna maɓalli. Shi kuwa ya duba abin da na rubuta ya ga wai na tsufa. Ni a cikin umarnin na sa G97, wato inji ya juya aiki da juyi tsayayye, adadi ɗaya daga farko har ƙarshe. Shi ya karanta a aji cewa G96 ya fi kyau wajen share fuskar aiki, kuma gaskiya ne ya fi, domin yana sa inji ya riƙa ƙara juyi yayin da wuƙa ke matsowa tsakiya, fuska ta fito sumul. Abin da bai sa ba shi ne G50, layin da ke ce wa inji kada ka wuce juyi kaza ko me aka ce maka. Layi ɗaya tak.

Ɗauki biro ka yi lissafin da kanka. Juyi a minti shi ne gudun yanka sau 1000, a raba da 3.14 sau faɗin aiki. Ya sa gudun yanka mita 180 a minti. A bakin faranti, faɗi 200, juyi wajen 286 ne, lafiya. Da wuƙa ta iso faɗi 20, juyi ya haura 2,800. Tana ƙara matsawa tsakiya, inji ya nufi iyakar ƙarfinsa, domin ba wanda ya ce masa ya tsaya. Shi kuwa kan da ke damƙe aiki, in juyi ya yi yawa haƙoransa waje suke son buɗewa, damƙarsu ta ragu. Faranti kuma ɗan gefensa kawai aka kama. Kilo 12 na ƙarfe ya kuɓuce a wannan gudun.

Ya daki mariƙin wuƙaƙe ya gusar da shi daga saiti, ya farfasa gilashin ƙofa, ya lotsa ƙofar kanta. Boris ɗin sandar juyi tun daga ranar ya fara kuka. Allah ne Ya tsare, yaron yana gefe yana latsa waya, da a tsaye yake daidai gilashin da yanzu wani zance ake. Na dawo na tarar da shago tsit, mutane cirko-cirko. Na tambaye shi me ya faru. Ka san abin da ya ce mini? Wai a kwamfuta ya tafi daidai. Har yau in na tuna wannan magana sai in ji ƙirjina ya yi zafi. Allon kwamfuta bai san nauyin ƙarfe ba, bai san yadda aka kama aiki ba, a allo ba abin da ke tashi sama.

Wata huɗu injin nan yana kwance, ina jiran kaya da mai gyara daga Legas. Amma ba wannan ne ya fi ci mini rai ba. Na je wurin mai shinkafa na gaya masa gaskiya, na ce ya ba ni mako biyu in ƙarasa 15 ɗin a injin hannu, ya kuma biya ni na 25 ɗin da ke juyawa a kamfaninsa. Ya dube ni ya ce ai cinikin 40 muka yi, ba na 25 ba, sai an cika zai biya. Kafin mako ya zagayo na ji ya ɗauki zanena, wanda na ba shi don ya sa hannu, ya kai wani shago an yi masa sauran da rahusa. Kuɗina har yau. Ba takarda tsakaninmu, da baki muka yi, a sahu ɗaya muke sallar Juma'a. Na kai ƙara wurin manyan kasuwa, aka yi ta a yi haƙuri a yi haƙuri. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba. Kai ma in ka buɗe naka, zanenka kada ya bar shago sai an biya kuɗinsa, kuma rabin kuɗi a hannu kafin wuƙa ta taɓa ƙarfe.

Yadda ake ɗaure aiki, da ɗaukar sifili, da auna tsawon wuƙa, ba zan ɓata bakina a kai ba. In shekara uku ba ta koya maka wannan ba, to makaranta ma ba za ta iya da kai ba. Abin da nake so ka riƙe shi ne yadda ake gwada sabon umarni. Ko wa ya rubuta shi, ko kai, ko malaminka, ko manhajar da ke fitar da shi daga zane, ka karanta shi layi-layi tukuna. Sannan ka sa inji ya riƙa tafiya layi ɗaya ya tsaya, ka rage gudun zirga-zirga zuwa ƙasa, idonka a kan lambar da ke nuna sauran tafiyar da ta rage wa wuƙa, yatsanka a kan maɓallin tsayarwa. In allo ya ce saura milimita 80 kai kuma idonka ya ga saura 20 a daki aiki, tsaya. Ka kula da ɗigo ma: a yawancin tsofaffin Fanuc, in ka rubuta X50 ba ɗigo, inji zai iya ɗaukarsa 0.050 ne. Batirin ƙwaƙwalwa kuma inji na kunne ake canza shi, in ba haka ba saitin ya goge ka shiga uku.

Yaran yanzu matsalarku gaggawa. Kowa so yake a kira shi Injiniya, a ɗauke shi hoto gaban inji ya sa a Facebook, amma ba ya son ƙaiƙayin ƙarfe ya taɓa masa riga. Kai ka fi su da abu guda: kunnenka ya san kukan wuƙar da ta dakushe, idonka ya san in ɓawon ƙarfe ya fito shuɗi zafi ya yi yawa. Injin kwamfuta ba ya ji ba ya gani, abin da ka rubuta shi zai yi ko da zai kashe kansa. Wannan kunne naka shi za ka zuba a cikin lambobin.

Kafin ka biya kuɗin rajista, je ka da ƙafarka. Ka tabbatar hukumar NBTE, mai kula da kwalejojin fasaha, ta amince da kwas ɗin. Ka shiga ɗakin injuna ka duba kwandon shara: in akwai ɓawon ƙarfe sabo, ana yanka, in inji na lulluɓe da leda, ƙura ta hau, to allo kawai za a nuna muku. Ka tambayi 'yan aji biyu sau nawa hannunsu ya taɓa maɓallin. Lokacin SIWES kuma, wato sa'ad da ake tura ɗalibai koyon aiki a wajen makaranta, kada ka nemi ofis mai sanyi inda za a sa maka hannu a littafi kana gida. Nan za ka dawo, zan ba ka injin, ina tsaye a bayanka.

Gobe ka zo da wuri. Sandunan injin markaɗen nan guda shida ba su ƙare ba, kuma na biyun da ka yi jiya wurin zaman boris ya yi sako-sako, sai an sake shi.