Alhaji ya zuba kuɗi, mu mun zuba aiki

Tambaya: Malam, mu uku ne a Maradi muke rubuta manhajar da za ta riƙe wa manyan ƴan kasuwa lissafin kayan da suke shigowa da su ta Ɗan Isa. Wani alhaji, aminin mahaifina, ya ba mu sefa miliyan uku, sulusin riba nasa. Amma ya sa an rubuta cewa in shekara ta zagayo ba a sami masu saye ba, mu mayar masa da kuɗinsa cif. Ya halatta?

Amsa: Ɗana, Allah Ya yi wa nemanku albarka. Manhaja dukiya ce. Majalisar Fiƙihu ta Duniya ta tabbatar da haƙƙin ƙirƙira a zamanta na Kuwait a 1988. Raba riba da sulusi kuma babu laifi.

Inda gizo ke saƙar shi ne "cif" ɗin nan. Wanda ya zuba jari, asarar kuɗi tasa ce, ku kuma kun yi asarar guminku, sai fa in kun yi sakaci ko ha'inci. Da zarar an lamunce masa uwar kuɗi, ya tashi daga abokin tarayya ya koma mai bashi, sulusin nan kuma ya zama riba ta haram.

Za a ce maka ai kun yarda, Musulmi kuwa suna kan sharuɗɗansu. Wannan bai tsaya ba. Mai cin bashi da ruwa ma da yardarsa yake sa hannu. Za a ƙara da cewa wasu malaman Malikiyya sun yi sauƙi. Sun yi, amma ga wanda ya ɗauki lamunin don raɗin kansa bayan an ƙulla. Kai gaya mini: da kun ƙi wannan layin, da Alhaji ya ƙirga muku ko dala? Kunyar aminin uba ba yarda ba ce.

Ka je masa da kanka, kada a waya, ka tafi da mahaifinka. Ko ya soke sharaɗin, ko ya mai da kuɗin rance babu riba. In asara yake tsoro, ya riƙa sakin kuɗin kashi-kashi yana ganin aiki.

Abin da ba ka tambaya ba ya fi damuna. Ku ukun nan, in ɗaya ya tafi Yamai gobe, manhajar ta wa ce, kuma a kwamfutar wa take? Ku rubuta tun kuna shiri, da shaidu biyu. Lissafin ƴan kasuwar nan kuma amana ne, kada Alhaji ya leƙa cinikin abokan hamayyarsa don ya zuba kuɗi. Wallahu a'alam.