Wa ke da ikon sa hannu a yi wa mai naƙuda tiyata?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Yayata ta kwana biyu tana naƙuda, likitoci suka ce sai an yi mata aiki, mijinta ya ce bai yarda ba. Shin dole sai da sa hannunsa? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. A dokar Nijeriya, babbar mace mai cikakken hankali ita ce mai sa hannu a kan jikinta. Shawara da miji abu ne mai kyau, amma ƙin yardarsa ba ya hana aikin idan ita ta amince. Sashe na 23 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya wajabta wa likita ya bayyana mata halin da take ciki, zaɓin da take da shi, da haɗarin kowanne. In ta ƙi bayan ta fahimta, ba a tilasta mata. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a shari'ar wani likita mai suna Okonkwo a 2001.

Idan ta suma kuwa, likita na iya yin aikin gaggawa don ceton rai.

Abin da ke damunmu shi ne jinkirin. Kan jariri yana danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu, jini ya daina kai wa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki yoyon fitsari ya biyo baya. Mahaifa ma tana iya fashewa. Ku nemi babban likitan da ke bakin aiki ya yi magana da ita kai tsaye, yanzu.