Su wane ne Cluster, kuma me ya sa ake yawan ambatonsu?

Tambaya: Malam, duk lokacin da na karanta tarihin kiɗan na'ura sai na ci karo da sunan Cluster na ƙasar Jamus, alhali ban taɓa jin wani kiɗansu da ya yi tashe ba. Su wane ne, kuma me suka yi?

Amsa: Cluster mutum biyu ne, Hans-Joachim Roedelius, wanda aka haifa a Balin a 1934, da Dieter Moebius, haifaffen Suwizalan a 1944. Sun fara ne su uku a 1969 tare da Conrad Schnitzler, suna rubuta sunan da harafin K, amma da ya rabu da su a 1971 sai suka mayar da shi C.

Rashin tashen da ka ambata ba abin mamaki ba ne, domin kiɗansu na farko ba shi da amshi, ba shi kuma da karin da za a taka rawa da shi. Sukan ɗauki amon kayan kicin da tsofaffin molo da ogan, su bi da shi ta cikin na'urorin amsa-kuwwa har sai ya rikiɗe ya zama wani gunji mai tsawo, injiniya Conny Plank kuwa yana naɗa.

A ganina, abin da ya ɗaga darajarsu ya faru ne a farkon shekarun 1970, lokacin da suka tare a wani tsohon gidan gona a ƙauyen Forst, a bakin kogin Weser. A nan kiɗansu ya yi laushi. A faifansu na 1974, Zuckerzeit, za ka ji wata ƙaramar na'urar ganga tana bugu ba gajiya, ga gajeren sauti yana ta maimaita kansa a bisanta, kamar yaro na wasa shi kaɗai a tsakar gida. Sun nuna cewa na'ura ma tana iya fitar da sauti mai taushi da ke taɓa zuciya, a lokacin da ake ɗaukar ta abu mai sanyi maras rai. A ƙauyen nan ne kuma suka haɗu da Michael Rother na ƙungiyar Neu! suka kafa wata ƙungiyar kiɗa mai suna Harmonia.

Tasirinsu ya fi bi ta hannun makaɗi Brian Eno na Ingila, wanda ya je Forst a 1976 ya zauna da su na 'yan kwanaki suna kiɗa tare, daga nan ya wuce aiki da mawaƙi David Bowie. Eno ya fitar da faifai biyu tare da Cluster, a 1977 da 1978, a daidai shekarun da yake gina kiɗan nan mai natsuwa da ake kira ambiyent.

Sun rabu a 2010, Moebius kuma ya rasu a watan Yulin 2015. Idan za ka saurare su, ka fara da Zuckerzeit, sannan Sowiesoso na 1976, kafin ka koma ga faifansu na farko da sunan Cluster, na 1971, wanda yake buƙatar haƙuri da kunne mai natsuwa.