Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Wutar Najeriya Take Tsallaka Iyaka Zuwa Nijar?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Gonarmu tana dab da manyan turakun da suke ɗauke da wuta daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, alhali a garinmu akan yi kwanaki ba a kawo wuta ba. Shin gaskiya ne kyauta ake ba Nijar wutar nan domin kada su tare mana kogi? In haka ne, ina ribarmu a ciki? Daga wani mai karatu a Jihar Kebbi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ba kyauta ba ce, domin kamfanin lantarki na Nijar, NIGELEC, sayen wutar yake yi bisa yarjejeniya. Zancen kogi kuwa yana da tushe, tun da jami'an Najeriya da kansu sun sha bayyana cewa ana sayar wa maƙwabtan da suke sama da mu wuta ne don kada larura ta sa su datse ruwan.

Kogin Kwara daga tsaunukan Gini yake tasowa, ya ratsa Mali da Nijar, ya bi iyakar Benin, sannan ya shigo Najeriya ta jiharku. Madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968 da ƙarfin megawat 760, da ta Jebba da ke ƙasa da ita, duk da wannan ruwa suke aiki. Ruwan da ya sauka a Gini da damina yakan ɗauki watanni yana ratsa fadamun Mali, sai lokacin hunturu ya iso Kainji, daidai sa'ad da namu ruwan ya riga ya ɗauke. Saboda haka wutar da injinan suke bayarwa da rani, ruwan wasu ƙasashe ne yake juya su. Wannan ne ya sa ƙasashe tara suke zama a Hukumar Raya Kogin Kwara, wadda aka kafa a 1980, mai hedikwata a Yamai.

Sai dai fahimtar da aka yi ba ta hana Nijar neman nata ba. Aikin madatsar Kandaji a jihar Tillaberi, wadda aka tsara za ta bayar da megawat 130, ya daɗe yana tafiyar hawainiya, amma ba a fasa shi ba. Abin da ya faru a 2023 kuma ya ƙara musu hujja: bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar a watan Agusta a cikin takunkumin ECOWAS, ga ƙasar da a lokacin kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkinta daga Najeriya yake zuwa, ba a mayar ba sai a watan Maris na 2024. A ganina an yi asara a nan, domin mai sayen da aka taɓa yanke wa wuta saboda siyasa ba zai sake sakin jiki da mai sayarwa ba, kuma masu zuba jari a layukan ƙetare duk sun shaida.

Akwai tsarin da ya fi wannan ƙwari. Madatsar Manantali tana cikin Mali, amma mallakar haɗin gwiwa ce ta ƙasashen Kogin Senegal, kuma tun farko aka rubuta rabon wutarta: Mali kashi 52, Senegal 33, Muritaniya 15. Wanda yake da kaso a abu ba ya jiran alfarma.

Hasken rana ya ƙara wa batun nauyi. Nijar ta buɗe tashar sola mai megawat 30 a Gorou Banda, kusa da Yamai, a 2023, kuma tana da rana da filin da za su ɗauki ninkin haka sau da yawa. Sola ba ta aiki da dare, madatsa kuwa tana iya riƙe ruwanta da rana ta sake shi bayan magariba, amma wannan musaya ba za ta yiwu ba sai da layi mai ƙarfi da farashin da aka amince da shi. Hukumar WAPP mai haɗa layukan lantarkin ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda ECOWAS ta kafa a 1999, ta tsara irin wannan layi mai kilobolt 330 na kimanin kilomita 875 daga Birnin Kebbi zuwa Nijar da Benin da Burkina Faso. Ficewar Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025 ba ta canza hanyar kogin ba, sai dai ta ƙara wahalar zaman tattaunawa.

Game da duhun garinku kuwa, abin da ake fitarwa kaɗan ne, domin a 2024 hukumar NERC mai kula da harkar lantarki a Najeriya ta ƙayyade cewa kada ya wuce kashi 6 cikin ɗari na wutar da ake samarwa. Wutar da ke kan waɗancan turaku ma ba ta shiga gida sai an sauke ƙarfinta a tasha, ta bi ƙananan layuka da taransifoma, kuma a wannan mataki, tare da ƙarancin gas a tashoshin kudu, ne yawancin ɗaukewar wuta take samo asali.