Wai "doje" Hausa ce ko aro muka yi?

Wani ɗalibi daga Zariya ya aiko yana cewa: "Malam barka da war haka. Musu ne ya kaure tsakanina da abokina kan kalmar doje, irin a ce wane ya doje aji. Ni na ce Hausa ce tsantsa, shi kuma ya dage wai daga sunan motar Dodge aka samo ta. Waye mai gaskiya?"

To ɗan'uwa, ku duka biyun ba ku ci ba, sai dai abokin naka ya ɗan fi ka kusa. Doje aro ce daga kalmar Turanci dodge, amma ba ruwanta da mota. Ita motar sunan gidan wasu wa da ƙani ne, John da Horace Dodge, da suka fara fitar da motarsu a Detroit ta Amurka a 1914, kalmar kuwa tana bakin mutanen Ingila tun ƙarni na 16.

A wurin masu ita, ma'anar farko ta jiki ce, a kawo maka naushi ko jifa ka karkace da sauri abin ya wuce. Ta biyu kuma ta shafi duk abin da ya wajaba a kan mutum amma ya bi ta bayan fage ya ƙi yi, kamar biyan haraji, ko ɗan siyasa a yi masa tambaya a rediyo ya kama wata tashar daban. Lokacin yaƙin Biyetnam ta yi tashe sosai a Amurka saboda samarin da ake kira aikin soja na dole su tsallaka Kanada, ana ce musu draft dodgers, kuma zagi ne ba yabo ba, har sai da shugaba Jimmy Carter ya yi musu afuwa a 1977. Har ɗan dambe Muhammad Ali an liƙa wa sunan, ni kuma a ganina ba a yi masa adalci ba, domin shi a 1967 zuwa ya yi da ƙafarsa wurin ɗaukar soja aka kira sunansa ya ce ba zai shiga ba, aka ƙwace masa kambu, kotun ƙoli ta wanke shi a 1971. Wannan ƙi ne ƙiri-ƙiri. Mai dojewa baya tsayawa a ga idonsa.

Mu da muka ara, ma'ana ta biyun muka fi riƙewa. Da wuya ka ji an ce ya doje dutse, sai dai ya goce ko ya kauce. Amma ya doje lakca, ya doje aikin gayya, ta doje zubin adashe, wannan kullum ne. Kuma abin da ya ruɗe ka, kalmar ta shigo ta tarar da goce, kauce, zille, waske, duk masu ƙarewa da "e", sai ta bi sahunsu har tana ba da dojewa, kai ka ce tare aka haife su. Haka canja ta yi mana, yau waye ke tuna baƙuwa ce?

Abin da nake jiye mana kawai kar doje ta haɗiye sauran, don kowacce da aikinta. Wanda ya zille an riga an kusa kama shi ne. Wanda ya sulale yana cikin taro ya fice ba wanda ya lura. Noƙewa kuwa tun farko bai ma fito ba, ya ja jiki. Waskewa ita ce ta 'yan duniya, ka tsare mutum da magana ya yi kamar bai ji ba ya hau tambayarka ya yara.

Sai wata baiwar Allah daga Maraɗi da ke son karin maganar da za ta yi wa mai cin bashi yana ɓuya.

'Yar'uwa, da yawa za su ce miki "rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya", amma ni ban so ki yi amfani da ita, ta yi tsauri, mai bashi ba ɓarawo ba ne kuma in kika faɗa masa haka faɗa kika saya ba kuɗinki ba. Wadda ta dace ita ce "kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski", wato wanzami tunda ya karɓi kuɗi ba shi da bakin cewa yana ƙyama. In kuma mutumin na gida ne kina son ki sassauta, fara da "bashi hanji ne, yana cikin kowa" tukuna, sannan ki tambaye shi ranar da zai kawo.