Ba da bakinka ake tambaya ba

Ɗana, ya gida, ya jikin Yaya? Allah ya ƙara sauƙi. Saƙonka na saurare shi har sau uku. Ka ce tun da ciwo ya kwantar da mahaifinka gandu ya dawo wuyanka, bana dami ashirin da biyu kawai kuka ɗaure, ga yarinyar unguwar gabas da hankalinka ya kwanta da ita, ga kuma wani mai shago daga cikin gari da ka ji ya fara aike gidansu. Kana tambaya ko al'ada ta yarda ka sayar da ragonka ka je wurin mahaifinta da kanka, tunda naka uban ba ya iya tashi.

A'a, ba za ka je ba. Saurayi ba ya zama gaban uban yarinya ya ce a ba shi. Ko ka je da buhun kuɗi, abin da zai fara tambaya shi ne, yaron nan ba shi da manya ne? Kana kuwa da su. In uba ya kasa, ƙanensa ne uba, shi ya sa kake ce mini Baffa. Ragon kuma ka bar shi a turke.

Akwai abin da yaran yanzu ba ku sani ba game da gandu. Kuna ganinsa wahala ce kawai, a tashe ka da asuba ka yi ta noma har azahar, hatsin kuma ya shiga rumbun da ba ka da ikon buɗewa. To gandu yarjejeniya ce. Kai ka ba da ƙarfinka, shi kuma maigida ya ciyar da kai, ya saya maka fartanya, ya yanka maka gayauna da za ka noma da yamma amfaninta ya zama naka, ya biya maka haraji (mu mun tarar da shi, sai a 1979 Balarabe Musa ya soke shi a tsohuwar jihar Kaduna, lokacin Katsina na cikinta), sannan ya yi maka auren fari. Damina huɗu ke nan kana wannan gona. Aurenka bashi ne a kan gidanmu, ba roƙo kake yi ba.

Bari in ba ka labarin da ko mahaifiyarka ba ta sani ba. A 1984 ina da shekara goma sha takwas, kamar kai yanzu. Ruwa ya ɗauke gero na cikin bununi. Abin da muka samu bai kai mu tsakiyar rani ba, aka koma tafasa da dusa, kakarka tana auna tsaba da ludayi. Shekarar ce kuma aka yi canjin kuɗi aka rufe iyaka, mutanen Nijar har yau 'Yar Buhari suke kiran yunwar. A cikin wannan hali ni kuma ga ni da wata mai tallan gyaɗa a dandali. Kullum in na zo sai ta ƙara mini ƙulli ɗaya ba ta kalle ni ba, ƙawayenta na dariya. Iyakar abin da ke tsakaninmu ke nan, amma kowa a dandalin ya sani.

Kunya ta hana ni faɗa wa kowa a gida. Na ce ya za a yi gidan da ba a ɗora tukunya sau biyu in kawo maganar mace? Sai na bi 'yan ci-rani zuwa Kano, na yi wata biyar ina ga-ruwa a Fagge, garwa biyu a sanda, kafaɗata har yau da tabon. Na dawo gab da shuka da turmin atamfa a ƙasan jaka, na tarar an sa mata rana da wani. Bayan shekaru mahaifinta ya ce wa kakanka a wurin wata jana'iza, da wani ya zo mini ko da ƙwaryar goro ce, da na jira yaron. Atamfar nan kakarka ce ta ɗaura ta. Barin kashi a ciki dai bai yi mini maganin yunwa ba, kuma ba talauci ne ya raba ni da yarinyar ba, shiruna ne.

To ga yadda za a yi. Ni da liman za mu je mu gai da mahaifinta, mu nemi izini ka riƙa zuwa zance. Ba ranar aure za mu nema ba, kada ka sa wannan a ranka. Za mu faɗa masa gaskiyar halin gidanmu, wanda dama ya sani, garin nawa yake? Mu roƙi kaka biyu, ita ta ƙarasa karatunta, kai kuma ka ga abin da gayaunarka za ta ba ka. In ya amince, sai a kai na-gani-ina-so daidai ƙarfinmu, gaisuwar iyaye ta biyo baya. Sadaki shi ne wajibi, kuma malamanmu na Malikiyya sun ce mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne. Lefe da akwatunan da ke hana ka barci al'ada ce, tana miƙewa tana kuma lanƙwasawa. A zamaninmu wanda ba shi da kuɗi gayya yake haɗawa, ya kwashi abokansa ashirin su nome gonar suruki kafin azahar. Ban ga abin da ya hana ka yin haka da noman farko ba.

Zai iya cewa a'a, ko ya ce mai shagon ya riga mu. Wannan ikonsa ne, kuma ita ma sai an tambaye ta. Ka tabbata tana so, ko murmushi kawai ka gani ka gina gida a kai?

Kafin nan ka daina kiranta a wayar yayarta cikin dare, labarin ya zo mini ta wani wajen. In an ba ka izini, tabarma a ƙofar gida, ƙanwarta na kusa, ana kiran isha'i ka tashi.

Ina nan tafe ranar kasuwa. Ka faɗa wa mahaifinka da bakinka kafin in iso, yana kwance ne amma kunnensa lafiya lau, kada ya ji a bakina. Goron ni zan taho da shi, da maganin shafawar da na yi masa alkawari.